Agogon Sarkin Aska

Daura,
12 ga Yuni, 2022.

Zuwa ga Yaya Murjanatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Malam da yara da jikoki. Yaya gwiwar taki? An ce ku a Baure har gero ya tsiro, mu nan ruwa biyu aka yi mana ya ɗauke. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Na san za ki yi dariya, ki ce Maijidda ta bar aji amma biro ya ƙi barin hannunta, ga waya a hannun kowa. Ba iyayi ba ne. Tun da ciwon nan ya zaunar da maigidana Sarkin Aska, ɗakina ya zama zaurensa, in na ɗauki waya kunnensa yana bakina. Shi ya sa zan riƙa ba Kalilu direba takarda duk ranar da ya yi lodin Baure. In kin karanta ki tura ta ƙasan akwati.

Jikin nasa dai ga shi nan. Shekara huɗu ke nan hannun dama yana rawa, babban yatsa da manuniya suna murza juna ko yana zaune shiru. Carbin nan da kika gan shi da shi ranar bikin ɗanmu Yazid, har kika tsokane ni wai mijina ya tuba da tsufa, to rawar yake ɓoyewa da shi. Likitansa na Kano, Dakta Sada, ya ce sunan ciwon Fakinsin, daga ƙwaƙwalwa yake tasowa, kuma ba a warkewa, sai dai a yi ta lallaɓa shi da magani. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, hannu bai fasa ba.

Watan jiya Yazid ya zo da wani abu daga asibitin da yake aiki. Agogo ne da ba ya faɗin lokaci, baƙi, fuskarsa wayam. Ana ɗaura shi a wuyan hannu, shi kuma ya riƙa jin kowane motsi yana faɗa wa wayar da ke kusa, wayar ta aika Kano. Wai likita yana zaune a ofis zai ga zane a kwamfuta, ya san lokacin da hannun ya yi rawa, da lokacin da jiki ya yi nauyi, da lokacin da magani ya sake shi. Yazid ya ce an hutar da Baba hawa mota duk wata. Ni kuwa na ce a raina an dai ɗaura masa ɗan tsegumi.

Tsegumin kuwa ya yi. Sati biyu cif, sai ga wayar Yazid, murya ƙasa-ƙasa, wai likita ya ce Baba ya ajiye aska. Yaya, kin san nauyin wannan magana. Mutumin da ya aske rabin unguwar nan ranar sunansu, ya yi wa iyayensu kaciya, yau an ce ya rataye zabira, ƙanensa Sha'aban ya riƙa zuwa gidajen suna. Na ba Sarkin Aska wayar ya ji da kunnensa. Ya miƙo mini wayar ya juya fuska bango, ranar ko fura bai sha ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne cikin Ummukulsum, matar Yazid. Watan Oktoba ake sa rai, kuma gidan iyayenta na nan Daura za ta zo haihuwa, tun da na fari ne. Tun kakanninsu ba a taɓa haihuwa a zuriyar nan wani ya sa wa jariri aska ba sai babban gida. Da na tuna wa Yazid haka, ya koma wajen likita, suka canza magani, aka yi alkawari. In agogo ya nuna hannun ya lafa daga nan zuwa haihuwa, shi zai yi askin suna. In bai lafa ba, Sha'aban zai yi.

Ni da nake kallon hannun nan safe da yamma ba na bukatar kwamfuta ta gaya mini komai. Ki sa mu a addu'a. A gaishe da Malam, a shafa mini kan jikoki.

Ƙanwarki,
Maijidda.


Daura,
17 ga Yuli, 2022.

Yaya Murjanatu,

Assalamu alaikum, barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Soyayyen naman da kika aiko ya iso, na gode, sai dai Kalilu ya rantse haka kika ba shi ledar a buɗe. Ina fata kowa lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi.

Yaya, zauna kafin ki ci gaba da karatu. Agogon nan yana hannuna. Yanzu haka da nake rubutu yana ƙarƙashin hannun rigata, yau kwana ashirin da shida.

Ga yadda aka yi. Wata Talata da hantsi Sarkin Aska ya kira ni, na same shi yana kokawa da maɗaurin agogon, yatsun sun ƙi kama shi. Na ɗauka wanka zai yi, na cire masa. Sai ya riƙe hannuna na dama, ya ce in ɗaura. Wai sabon magani yana son lokaci, shi kuma agogo ba shi da haƙuri, in riƙe masa na ɗan kwana biyu kafin maganin ya kama jiki. Na ce ba da ni ba. Sai ya ce don Allah. Shekara talatin da takwas muna tare, mutumin nan bai taɓa ce mini don Allah ba, ko ranar da ya zo biko kin san da taurin kansa ya zo. Fuskar nan tasa da ciwo ya daskarar, ba ta dariya ba ta fushi, sai ga hawaye yana bin ta. Ban san lokacin da na miƙa hannu ba.

Sakamako ya fito ana jibi Sallah. Yazid ya bugo yana murna kamar an yi masa albishir da Hajji. Wai sabon magani ya karɓi Baba, rawar ta ragu ƙwarai, saura 'yar kaɗan da ke tasowa in yana zaune bayan la'asar. Har likita ya yaba, wai ya ga Baba ya kama motsa jiki da sassafe, a ce masa ya ci gaba. Sharata da wankina da tuƙin tuwona ne suka zama motsa jikin Baba. Na toshe baki da mayafi, ban san dariya zan yi ko kuka ba.

Amma kin ga inda na raina wayon abin? Tun da a hannuna yake, ai kamata ya yi ya ce babu rawa sam. Ina ya samo 'yar kaɗan ɗin? Ni da nake zura zare a allura ba tabarau. Ashe shi ma ƙari yake yi don a ce yana aiki, kamar ɗan ajin da bai san amsa ba ya cika takarda da surutu.

Duk da haka raina ba ya mini daɗi. Shekara talatin ina dukan tebur ina hana yara satar amsa, yau ga ni ina rubuta wa mijina jarrabawa. In na cire agogon zan yi alwala sai in ji kamar in bar shi a bakin rijiya in tafi. Sai in hango shi ya sauko da zabira yana shafa wa asake mai, ya ci abinci har da neman ƙari, sai in mayar in ja hannun riga.

Na san abin da za ki ce, amma ki faɗa ɗin, ina son ji daga wani baki. Kada Malam ya ga takardar nan.

Taki,
Maijidda.


Daura,
11 ga Satumba, 2022.

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da ta gona. Na samu amsarki, na kuma sha faɗa, shafi biyu ba ko sakin layi. Duk abin da kika ce gaskiya ne. Ki yi haƙuri da na yi shiru kusan wata biyu, kunya ce ta hana ni ɗaukar biro.

Kwana biyun da ya ce sun zama kusan wata uku, magani kuma bai kama komai ba. Abin da ya fi muni, ashe likita ya shirya ƙara masa ƙwaya a watan Agusta, da ya ga zanen ya yi kyau sai ya fasa, ya ce a bar shi yadda yake. Ni na hana mijina magani da hannuna, Yaya.

Yanzu ba rawar kaɗai ba ce. In ya zo bakin ƙofa sai ƙafafun su manne da ƙasa, ya tsaya ƙiƙam, jiki na son gaba ƙafa ta ƙi. Sai na tsaya a gabansa ina tafi ina ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, irin na faretin makaranta, sannan ya taka. Ni ke ɓalla masa maɓallin riga. Koko sai da cokali, in ba haka ba rabi a ƙirji. In baƙo zai zo sai ya auna lokaci ya sha magani, domin yakan ba shi kamar awa guda hannun ya yi shiru, ya zauna da carbinsa cikin babbar riga, a gaisa a tashi ana cewa Sarkin Aska ya ji sauƙi.

Ranar Laraba na leƙa bayan rumbu na same shi da ɗanyen duma a cinya, ya shafa masa sabulu yana bin sa da aska, wai gwaji yake yi. Da ya shiga sallah na ɗauki duman na duba. Na ƙirga yanka goma sha ɗaya, wani har ya nutse. Duma ke nan mai tauri, ina ga kan ɗan kwana bakwai?

Na kai masa duman na ajiye a gabansa. Ya kalle shi, sannan ya ce aski ɗaya ne ya rage masa a duniya, Allah zai riƙe masa hannun na minti goma. Ya ce ya lissafa, in ya sha magani da asuba, askin zai faɗo cikin awarsa mai kyau, in an gama da kansa zai miƙa wa Sha'aban zabira. Ya ce in na tona shi yanzu, gara in haƙa rami in sa shi.

Duk da haka na fita zaure na kira Yazid da niyyar in faɗa. Kafin in buɗe baki ya fara ba ni labarin ragon da ya saya, da yadda Dakta Sada yake nuna wa ɗalibai zanen Baba a matsayin wanda magani ya yi wa aiki. Yaron nan rabon da in ji shi cikin farin ciki haka tun kafin ciwon. Na tambaye shi jikin Ummukulsum na kashe waya.

Kin ce rubutuna ya ƙanƙance, sai da jikarki ta karanta miki ƙarshen shafi. Tsufa ne ya kama idonki, ki nemi tabarau ki bar ɗora wa biro laifi. Ni dai hankalina ne ba ya jikina. Shekaranjiya wake ya ƙone ƙurmus ina zaune kusa da murhu ban ji ƙauri ba, sai da Shatu maƙwabciya ta yi magana ta kan katanga.

Ki ci gaba da addu'a, ko da kina fushi da ni.

Ƙanwarki,
Maijidda.


Daura,
16 ga Oktoba, 2022.

Yaya,

Assalamu alaikum, ina fata kuna lafiya. Albishirinki. Ummukulsum ta sauka ranar Juma'a da hantsi, namiji, ita da shi lafiya lau. Ya zo da gashi baƙi wuluk, cike da kai. Kowa na yaba gashin, ni kuwa ina kallon maɗigarsa tana bugawa a hankali sai na tuna da duman nan.

Suna ranar Juma'a mai zuwa. Yazid ba zai samu fitowa daga aiki ba sai daren Alhamis, a gidan abokinsa zai sauka, sai dai su haɗu da uban a wajen raɗin suna. Likita ya riga ya ba da izini. Sarkin Aska ya wasa aska uku, ya sa na wanke masa farar rigarsa.

Na san gwiwa ba za ta bar ki hawa mota ba, amma da za ki daure ki zo, ko a bayana ki tsaya. Ban faɗa ba, Yaya. Kullum sai in ce gobe.

Taki,
Maijidda.


Daura,
30 ga Oktoba, 2022.

Zuwa ga Yayata Murjanatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da Malam da duk mutanen gida. Na ji gwiwar ta kumbura har ba kya taka ƙasa, Allah ya sawwaƙe. Kada ki damu da rashin zuwanki. Na san labari ya riga ya iso Baure a bakin mata, to ga shi daga bakin mai shi.

Yaron lafiyarsa ƙalau, in fara da wannan. An yi wa kakansa takwara, Abba muke kiran sa.

Ranar suna Sarkin Aska ya sha magani da asuba kamar yadda ya tsara. Sai liman ya makara, aka jira shi, aka raba goro da dabino, aka yi addu'a mai tsawo, aka tsaya yankan rago. Kafin a ce wanzami ya shigo cikin gida rana ta take katanga, awarsa mai kyau ta wuce. Tun daga takunsa na gane. Na roƙi kakar yaron ta wajen uwa ta bar ni in riƙe shi, ta miƙo mini tana tsokanata wai na ƙwace mata miji.

Ya durƙusa a gabana, Sha'aban na riƙe da ƙwaryar ruwa, Yazid na tsaye da waya yana ɗaukar hoto. Ya jiƙa gashin, ya yi bisimilla. Jan farko ya fita sumul, irin na da, har mata suka yi guɗa. Na biyu ma haka. A na uku, ya iso daidai maɗiga, sai na ga babban yatsan ya fara murzawa, bakin askar yana tsalle. Ya ƙi ɗagawa, ko kuma hannun ne ya ƙi ɗaguwa, Allah ne ya sani. Na kifa tafina a kan yaron.

Askar ta sauka a bayan hannuna, ta tsaga daga gindin manuniya zuwa wuyan hannu. Yazid ya yar da waya ya damƙe wurin don ya tsayar da jini, ya ture hannun rigata sama, yatsunsa suka sauka a kan agogon. Ya dubi agogon, ya dube ni, ya dubi uban. A gaban surukansa ne, sai kawai ya ci gaba da ɗaure ciwon. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sarkin Aska ya goge askar a gefen farar rigarsa, ya ninke, ya yi ta neman bakin zabira har sai da Sha'aban ya buɗe masa. Ya ɗora zabirar gaba ɗaya a hannun ƙanen nasa. Sha'aban ya ƙarasa askin yana hawaye. Da Sarkin Aska zai fita, ƙafafun suka manne a bakin ƙofa, mata cike da tsakar gida suna kallo, ni kuma ga jariri ga jini, ban iya tashi na ƙirga masa ba. Yazid ne ya kama shi ya fitar.

Ɗinki shida aka yi mini. Da muka koma gida Yazid ya zauna a bakin gadona ya yi kuka irin na yarinta, ya ce wata huɗu na maganin Baba sun tafi, kuma abin da ciwon nan ya ci ba ya dawo da shi. Ban kare kaina ba, da me zan kare?

Ranar Litinin ya koma Kano ya faɗa wa Dakta Sada komai. Likita ya ƙara wa uban magani nan take. Sannan wai ya sake buɗe zanen wata huɗun nan, ya tambayi hannun wa ke nan. Da aka ce nawa ne, sai ya tambayi shekaruna. Ya tambaya ko ina jin ƙamshi da wari yadda na saba. Ya tambaya ko rubutuna ya canza. Ya ce agogon ba ya ƙirƙirar rawa, abin da ya ji shi yake faɗa, kuma 'yar kaɗan ɗin nan ta bayan la'asar ta fi yawa a Oktoba a kan yadda take a Yuli. Ya ce ba zai yanke hukunci ba sai ya gan ni, a kawo ni ranar Alhamis ɗin nan mai zuwa, kuma kada a cire agogon daga hannuna, za a nemo wa Baba wani.

Yazid yana ta cewa wataƙila ba irin ciwon Baba ba ne. Ni na zauna da ciwon nan shekara huɗu a ɗaki ɗaya, na san sallamarsa. Ki fito da takarduna daga ƙasan akwati ki jera su, ki dubi ta Yuni ki dubi wannan. Idonki lafiyarsa lau, Yaya, ki yafe mini.

Ba mutuwa nake tsoro ba. Tunanina wa zai tsaya a bakin ƙofa ya ƙirga wa mijina ɗaya, biyu, ranar da tawa ƙafar ta manne. Wa zai ɓalla mana maɓalli mu biyu? Yazid na da aiki da jariri, ke ga gwiwa. Na duba gabas na duba yamma ban ga kowa ba.

Tun ranar suna Sarkin Aska bai yi mini magana ba, kwana takwas, in na ba shi koko ya sha, in na ƙirga ya taka, shi ke nan. Ban gaya masa abin da likita ya ce ba. Jiya bayan la'asar muna zaune a tabarma, na ɗora hannun mai ɗinki a cinya ina kallon kaji, sai na ji idonsa a kaina. Na duba, ashe babban yatsana da manuniya suna murza juna a hankali, ban ma sani ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya jawo hannuna da nasa mai rawa, ya sa mini carbinsa a ciki, ya rufe yatsuna a kai. Ya ce in riƙe, Shatu na shigowa.

Kalilu ya ce zai biyo da sassafe, bari in tsaya nan, hannun ma ya gaji. In takarda ta gaba ta zo da rubutun wani, kada ki tsorata. A gaishe da Malam, a ce ya sa mu a addu'a mu biyu. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki har kullum,
Maijidda.